Ƙarafa masu wuyar samu a cikin magniziyam: yaushe suke rage tsatsa, yaushe suke ƙara ta

Akwai haɗin magniziyam guda biyu da aka daɗe ana zuba gidan giyabos na jirage masu saukar ungulu da su, ZE41 da WE43. Kowannensu yana ɗauke da ƙarafan nan da ake kira masu wuyar samu, irin su seriyam da itiriyam, kowannensu kuma akwai zirkoniyam a cikinsa. Amma a sa su tsirara, ba fenti, a akwatin gwaji a yi ta fesa musu ruwan gishiri. Kafin WE43 ya nuna wata alama ta kirki, ZE41 ya riga ya yi ramuka, nauyin da ya zubar kuma ya ninka na ɗan'uwansa sau da yawa. Wannan kaɗai ya isa a yi taka-tsantsan da maganar da ake yawan ji, wai da zarar an ɗan zuba seriyam ko itiriyam a narkakken magniziyam an gama da tsatsa. Ƙarfe ɗaya, a awo ɗaya, yana iya rage cin, yana kuma iya ninka shi. Abin da ke raba gardama shi ne wurin da ya je ya zauna bayan zubin ya daskare.

Inda ciwon yake

Rashin nauyi ne ke jan injiniyoyi zuwa ga magniziyam. Santimita kubik ɗaya giram 1.74 ce, alminiyam 2.70, baƙin ƙarfe wajen 7.8. Sai dai a duk ƙarafan da ake ƙera kayan aiki da su, babu wanda ya kai shi saurin sakin elektron ɗinsa ya narke, domin a ma'aunin masana yana kan −2.37 V. Shi ya sa ake ɗaura sandarsa a cikin hitar ruwan wanka da jikin bututun da aka binne, don shi ya narke, tankin ya tsira. Idan aka kwance irin wannan sanda bayan ta daɗe, za a tarar ta rame, ta yi farin ɓawo mai gautsi. Tsatsar magniziyam ke nan, fara ce ko toka-toka.

Alminiyam ma a asali mai saurin ci ne, amma fatar oksaid da yake yi wa kansa matsattsiya ce, tana toshe ko'ina. Ta magniziyam ba ta kai ba: girman oksaid ɗin kashi 81 cikin ɗari ne kawai na girman ƙarfen da aka ci aka yi shi, saboda haka akwai kafofi. Idan laima ta sauka sai ya koma haiduroksaid mai laushi, wanda kuloraid ɗin gishiri ke ratsawa ya narkar.

Cin yana tafiya ne a haka: Mg + 2H₂O → Mg(OH)₂ + H₂. Aiki biyu ne a wuri biyu. A anod ƙarfe ke narkewa ya saki elektron, a katod kuma elektron ɗin ke fasa ruwa, iskar haidurojin ta fito. Ɗaya ba ya gudu ya bar ɗaya. Shi magniziyam tsantsa bai iya fitar da haidurojin a fuskarsa da sauri ba, don haka mai tsabta ƙwarai, a ruwan gishiri mai kashi 3.5 cikin ɗari, wajen milimita 0.3 kawai yake zubarwa a shekara. Amma duk wata 'yar tsakuwar baƙon ƙarfe da ta maƙale a jikinsa, muddin ta fi shi iya fitar da haidurojin, ta zama katod. Ita da magniziyam ɗin da ke kewaye da ita sun zama ƙaramin batir da aka haɗe bakinsa biyu. Ramin da za a gani a gefen tsakuwar yake fara tonuwa, ita kuwa tana nan daram har ƙasanta ya zaizaye ta faɗo.

Tun 1942 Hanawalt da abokan aikinsa a kamfanin Dow na Amurka suka auna iyakar dattin da magniziyam ke jurewa: baƙin ƙarfe kashi 170 cikin miliyan, nikel 5, jan ƙarfe wajen 1000. Ƙasa da iyakar cin kaɗan ne, da an haura ta kuwa sai ya yi tsalle sau goma ko ɗari. Daga wannan ne aka gina ƙa'idar AZ91D na zamani, haɗin magniziyam da alminiyam da zinki: baƙin ƙarfe kada ya wuce kashi 0.005 cikin ɗari, nikel 0.002, jan ƙarfe 0.030, sannan idan aka raba baƙin ƙarfe da manganis kada amsar ta wuce 0.032. Duk maganar da za ta biyo baya a kan wannan take zaune. Ƙarfen da ya haura waɗannan iyakoki, itiriyam mai tsada ba zai wanke shi ba.

Su wane ne, kuma nawa magniziyam ke iya sha

Su 17 ne: dangin lantanam 15, sai iskandiyam da itiriyam. Wuyar tasu ta rabawa ce, don seriyam a ɓawon ƙasa bai gaza jan ƙarfe yawa ba. Mafi arha shi ne gaurayen da ba a raba ba, mishmetal, kusan rabinsa seriyam, kwata lantanam, sauran niyodimiyam da ɗan firasiyodimiyam. Da shi ake yin dutsen ƙyasta layita. Monazait, yashin da ke fitowa tare da kuza a tudun Jos, yana ɗauke da waɗannan, tare da toriyam. Shi toriyam an taɓa zuba shi a magniziyam na jiragen sama, irin su HK31, har aka bar shi saboda tururin nukiliya da yake fitarwa, dangin WE na kamfanin Magnesium Elektron da ke Manchester suka gaje shi. Yawancin tacewar waɗannan ƙarafa a Sin ake yin ta, kamar yadda mafi yawan magniziyam na duniya daga can yake fitowa, kuma a watan Afrilun 2025 ƙasar ta sa takunkumin lasisi a kan fitar da guda bakwai, ciki har da itiriyam da gadoliniyam.

Sunan haɗin yana faɗin abin da ke ciki. A alminiyam, M manganis, Z zinki, W itiriyam, E ƙarafa masu wuyar samu, lambobin kuma kaso cikin ɗari. WE43 ke nan itiriyam 4, sauran dangin 3.

A ma'aunin lantarki yawancinsu maƙwabtan magniziyam ne, tsakanin −2.3 da −2.4 V, abin da ya sa aka fara kyautata musu zato. Bambancin da ke tsakaninsu, wanda ya fi komai tasiri a tsatsa, shi ne yawan da magniziyam ke iya riƙewa a narke cikin jikinsa bayan ya daskare. Lantanam da seriyam ko kashi 1 cikin ɗari ba sa kaiwa. Niyodimiyam 3.6. Itiriyam wajen 12. Gadoliniyam 23.5. Waɗannan alkaluma na zafi ne mai tsanani, sama da 500°C; idan aka sauko 200°C gadoliniyam yakan koma ƙasa da kashi 4, niyodimiyam kuwa kusan babu. Kamar sukari ne a shayi: mai zafi yana shan da yawa, wanda ya yi yawa ko shayin ya huce sai ya kwanta a gindin kofi. Wanda ya kwanta a magniziyam shi ne ke haɗuwa da ƙarfen ya zama tsakuwoyi masu tauri, Mg12Ce, Mg24Y5, Mg5Gd da makamantansu, galibi a jere kan iyakokin ƙwayoyin ƙarfen.

Narkakke da dunƙulalle

Wanda ya narke cikin jikin ƙarfen shi ne mai amfani. Yayin da fuskar ke cinyewa, itiriyam ko gadoliniyam da ke ciki yakan shiga fatar da ke haɗuwa, a matsayin oksaid ko haiduroksaid. Oksaid ɗinsu ya ɗan fi ƙarfen da aka yi shi da shi girma, saboda haka yana cike kafofin da na magniziyam ya bari, kuma bai kai shi saurin narkewa a ruwa ba. Fatar takan fi matsewa, kuloraid ya sha wuya kafin ya ratsa. Wannan fatar ce kuma ke sa WE43 wuyar kama wuta idan aka kwatanta da AZ91, wanda shi ne ya buɗe ƙofar amfani da irinsa a kujerun jiragen fasinja.

Wanda ya dunƙule kuwa, yawanci katod ne. A 2009 masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostireliya suka zuba magniziyam da seriyam kaɗai, da lantanam kaɗai, da niyodimiyam kaɗai, suna ƙara adadin mataki-mataki. A duka ukun, yadda aka ƙara haka cin ya ƙaru, seriyam ne ya fi muni. Dalilin a bayyane yake: tunda jikin ƙarfen ba ya shansu, kusan duk abin da aka zuba tsakuwa ya zama, kowace tsakuwa kuma sabon bakin fitar haidurojin ce.

Itiriyam ya fi ban sha'awa, don a kansa ake ganin halayen biyu suna kokawa. Wani bincike na 2010, na haɗin gwiwar masana a Ostireliya da Suwizalan, ya jiƙa magniziyam mai itiriyam a ruwa iri biyu. A ruwan kuloraid, ƙarin itiriyam ya ƙara ci, saboda tsakuwoyinsa sun yi yawa, kuloraid kuma bai bar fatar ta zauna ba. Tsatsar ta riƙa bin ƙarƙashin fata tana zana layuka kamar zare. A ruwan salfet, wanda ba ya fasa fata haka, cin ya riƙa raguwa da itiriyam ya haura kashi 3. Ƙarfe ɗaya ne, ruwan kawai aka sauya, sakamako ya juye. Saboda haka duk rahoton da ya ce itiriyam yana kare magniziyam bai faɗi ruwan da aka yi gwajin ba, rabin magana ya yi.

Akwai ɗan togaciya a nan. A wasu haɗe-haɗe masu yawan waɗannan ƙarafa an ga tsakuwar ita ce ta fara narkewa, ta bar rami a wurinta. Wannan ya fi sauƙi, don idan ta ƙare batirin ya mutu, amma ramin da ta bari yana iya zama mafarin tsaga a kayan da ke ɗaukar nauyi.

Siffar tsakuwoyin ma tana da nata. Idan sun haɗu sun yi raga mai ɗorewa kewaye da kowace ƙwaya, tsatsa na iya cinye ƙwaya ɗaya ta ci karo da bango ta tsaya. Idan a warwatse suke, babu bango, sai aikin katod kawai. A ZE41 tsakuwar magniziyam da zinki da mishmetal ce ke kan iyakoki, mai ƙarfin katod, kuma a yanyanke take. Mishmetal ɗin, kashi 0.75 zuwa 1.75, seriyam da lantanam ne mafi yawa, babu abin kirki da ke narkewa ya shiga fata. An sa su ne don zubi ya cika ba ƙofofi kuma ya karɓi walda, ba a sa su don tsatsa ba.

Idan akwai alminiyam a ciki

A dangin AZ da AM lissafin daban ne, domin waɗannan ƙarafa sun fi son alminiyam a kan magniziyam. Da an zuba su sai su kama shi su yi Al11RE3 ko Al2RE, inda RE ke tsaye a madadin seriyam, lantanam da sauransu. Wasu kuma su shiga tsakuwoyin alminiyam da manganis, waɗanda su ne ke riƙe da baƙin ƙarfe, su rage musu kaifin katod. Wani ɓangaren dattin ma yakan nutse da su zuwa gindin tukunya. A nan ne seriyam mai arha ke yin rana.

Sai dai abin yana da iyaka. Kariyar AZ91 ta dogara ne a kan alminiyam da ke narke a jikinsa da ragar Mg17Al12 da ke kan iyakoki. Kowane giram na seriyam yana janye alminiyam daga waɗannan biyun. Gwaje-gwaje da yawa sun nuna cin yana sauka idan ƙarin yana tsakanin rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya, daga nan ya fara hawa, lokacin da tsakuwoyin suka yi tsayi kamar allurai, ragar kuma ta yayyage. Wanda yake son ya zuba da yawa sai ya gina haɗin a kan haka tun farko, kamar AE44, alminiyam 4 da mishmetal 4, wanda kamfanin Hydro na Norway ya samar, aka zuba shimfiɗar injin motar Corvette Z06 ta 2006 da shi. Manufarsa ta farko jure zafin inji ce ba tare da noti ya saki ba, juriyar gishirinsa kuma ta zo daidai da ta AZ91D mai tsabta ko kusa da ita.

Gashi

WE43 yana da itiriyam 3.7 zuwa 4.3, niyodimiyam 2 zuwa 2.5, ɗan sauran dangin masu nauyi, da zirkoniyam aƙalla 0.4. Yadda ya fito daga mazubi, iyakokin ƙwayoyinsa cike suke da tsakuwoyi, kuma a wannan hali juriyarsa ba abin yabo ba ce. Gashi ne ke gyara shi. Ana sa shi a tanderu a 525°C na awa 4 zuwa 8, a ƙarƙashin iskar kariya don kada fuskar ta ƙone, har tsakuwoyin su narke su koma cikin jiki. Sai a fito da shi a sanyaya da sauri, a ruwan zafi ko ruwan folima ko iska mai ƙarfi, kafin su samu damar sake fitowa. A wannan mataki, wanda ake kira T4, cinsa ya fi kowane lokaci ƙanƙanta, amma ƙarfinsa bai kai ba. Sai gashi na biyu a 250°C na awa 16, wato T6, inda ƙananan ɓarɓashi, waɗanda sai da madubin elektron ake ganinsu, ke fitowa a ko'ina su ƙara masa ƙarfi. Saboda ƙanƙantarsu da yadda suka bazu daidai, batirin da suke yi rarrauna ne, cin ya ɗan ƙaru amma yana tafiya bai-ɗaya ba ramuka masu zurfi. Idan aka zarce lokaci ko zafi, ɓarɓashin su yi girma, jikin ya rasa itiriyam ɗin da zai ba fata, a yi asara biyu.

Elektron 21, wanda lambarsa EV31A, hanyarsa ɗaya: niyodimiyam 2.6 zuwa 3.1, gadoliniyam 1.0 zuwa 1.7, zinki bai wuce 0.5 ba, gashi a 520°C awa 8, sannan 200°C awa 16. An cire itiriyam ne don sauƙin zubi, an kuma danne zinki ƙasa da gangan.

Kada a ɗauki wannan darasi a kai shi kan AZ91. Shi T4 yakan ɓata shi ne, don yana narkar da ragar da ke tare masa tsatsa. Akwai kuma wani tarko da ya shafi kowane haɗi. Iyakar nan ta 170 ta ɗanyen zubi ce, inda saurin daskarewa ya kulle baƙin ƙarfe a narke. Dogon gashi yana ba shi damar fitowa ya dunƙule, kuma lissafin masana a Jami'ar Queensland ya nuna iyakar na iya faɗuwa zuwa kashi 5 ko 10 cikin miliyan. Ƙarfen da ya ci gwaji a ɗanye yana iya faɗuwa bayan tanderu, a ɗora wa itiriyam laifin da ba nasa ba.

A ra'ayina an fi ba itiriyam yabo fiye da haƙƙinsa a WE43. Zirkoniyam yana kama baƙin ƙarfe a narkakken ƙarfe su nutse tare, yana kuma ƙanƙanta ƙwayoyi, kuma wani babban kaso na juriyar daga wannan tsabta yake zuwa.

Abin da ke lalacewa a wurin narki

Magniziyam yana narkewa a 650°C, a tukunyar baƙin ƙarfe marar nikel. Ba a jefa itiriyam ko niyodimiyam tsantsa, sai a matsayin sandunan da aka riga aka haɗa da magniziyam, galibi kashi 25 ko 30. Domin kilo 100 na WE43 ana buƙatar kilo 4 na itiriyam, wato kilo 13.3 na sanda mai kashi 30. Amma itiriyam yana ƙonewa a saman ruwan ƙarfe ya tafi cikin kashin maƙera. A ce kashi 85 ne ke tsira, to kilo 15.7 za a auna. Kowace masana'anta sai ta san nata kason ta hanyar gwada samfuri kafin zubi. Sandunan da ludayi da duk abin da zai taɓa ruwan ƙarfe sai an gasa su sun bushe ƙayau, don ɗigon laima a narkakken magniziyam fashewa ne, wutarsa kuma ba a kashe ta da ruwa.

Gishirin rufi da ake barbaɗa wa sauran haɗe-haɗe don hana su kamawa yana da magniziyam kuloraid, kuma waɗannan ƙarafa suna ƙwace kuloraid ɗin su bi shi su fita daga haɗin. Banda asarar, duk ƙwayar gishirin da ta maƙale a zubin za ta riƙa jan laima daga iska, ta fito da farin tabo ko da kayan na ajiye a sito. Shi ya sa ake narka dangin WE a ƙarƙashin iskar rufi. An daɗe ana amfani da iskar SF6 gauraye da kabon dayoksaid, amma ɗumamar yanayin da take jawowa ta ninka ta kabon dayoksaid sama da sau 23,000, Tarayyar Turai ta haramta ta a zubin matsi gaba ɗaya tun 2018, masana'antu suka koma SO2 da wasu iskokin fulorin.

Zirkoniyam yana buƙatar zafi wajen 760 zuwa 780°C da juyawa sosai kafin ya shiga, kuma a wannan zafi ruwan ƙarfe yana ƙara lasar baƙin ƙarfe daga jikin tukunya. Bayan juyawa dole a bar shi ya kwanta, sannan kada a zuba na gindin tukunya, don can dattin ya taru. Wanda ya yi rowar wannan ragowar ya kwarara ta a mazubi, ya mayar da gudajen zirkoniyam masu baƙin ƙarfe cikin kayansa, su kuwa katod ne masu kaifi. Haka nan tukunya ko tarkacen da ya taɓa AZ91 ba ya shiga narkin WE43, domin ɗan alminiyam kaɗan ya isa ya kama zirkoniyam ya kashe aikinsa. Fatar oksaid ɗin itiriyam kuma, idan aka zuba da gaggawa ruwan ya yi tambal-tambal, takan naɗe ta shige ciki, ta zama hanyar da ruwan gishiri zai bi daga baya.

Yadda ake aunawa, da yadda awo ke yaudara

Gwajin masana'antu shi ne ASTM B117: hazon ruwan gishiri mai kashi 5 a 35°C. A ɗakin bincike an fi jiƙa samfuri a kashi 3.5. Ana goge shi da sanfefa, a auna nauyi da faɗin fuska, a jiƙa na kwanaki, a wanke ɓawon da ruwan kuromik asid, giram 200 a lita da ɗan silba naitiret, a sake aunawa. Miligiram nawa aka rasa a kowace santimita murabba'i a rana, a ninka da 2.1, an samu milimita a shekara.

Hanya mafi sauƙi ita ce tara haidurojin. A kifa mazurari a kan samfurin cikin ruwan, a ɗora masa bututun awo cike da ruwa a kife. Kumfa na tashi daga wasu 'yan wurare a fuskar, waɗanda su ne katod ɗin, suna taruwa a saman bututun suna tura ruwan ƙasa. Mililita ɗaya ta iskar kusan miligiram ɗaya ce ta magniziyam. Samfuri mai faɗin santimita murabba'i 10 da ya ba da mililita 35 a kwana 7, rabin mililita ke nan a kowace santimita a rana, wajen milimita ɗaya a shekara. Amfanin wannan hanya shi ne ana ganin sauyin kullum. Haɗi mai narkakken itiriyam yakan fara da sauri sannan ya lafa yayin da fata ke kauri, mai yawan tsakuwa kuwa yakan yi shiru na awanni sannan ya ɓalle.

Daga nan ake gane hatsarin gwajin lantarki na minti talatin da wasu ke auna ci da shi. Yana auna farkon lamarin ne kawai, sannan magniziyam yana da wata baƙuwar ɗabi'a: idan aka tura shi ɓangaren anod, haidurojin ƙaruwa yake yi maimakon ya ragu, wani ɓangaren elektron ɗin ba ya bi ta na'urar. Alkaluman sukan fito ƙasa da gaskiya, wani lokaci nesa ba kusa ba. Girman kwanon ma yana shiga lissafi. A ruwa kaɗan, cin yana ɗaga pH, wato ma'aunin tsami da kanwar ruwa, zuwa wajen 10.5, fata ta zauna, samfuri ya yi kyau a takarda. Kuma kafin a yarda cewa seriyam ya rage ci da rabi, a tambayi baƙin ƙarfe nawa ne a samfurin da aka kwatanta da shi. Sau da yawa abin da aka auna wankin datti ne.

A jikin mutum ana son cin, amma a hankali. Tun farkon ƙarni na 20 likitan Beljiyam Albin Lambotte ya ɗaure karaya da farantin magniziyam da kusoshin baƙin ƙarfe, farantin ya narke cikin 'yan kwanaki, iska ta taru a ƙarƙashin fata. Kusar ƙashi ta MAGNEZIX, da ta samu izinin Turai a 2013, da ragar jijiyar zuciya ta Magmaris, a 2016, dukkansu daga dangin WE43 suke, an zaɓe su ne don suna narkewa sannu kuma bai-ɗaya, jiki yana kwashe haidurojin kafin ta taru.

Bayan an fito daga masana'anta

Duk wahalar da aka sha a tukunya da tanderu ana iya ɓata ta a minti biyar. Tsaftace zubi da harbin tsakuwar baƙin ƙarfe, ko goga da buroshin waya, ko sanfefar da aka yi aikin ƙarfe da ita, yana dasa ɓarɓashin baƙin ƙarfe a fuskar, cin ya ninka sau da yawa ko da cikin tsaf yake. Ana amfani da yashin alumina mai tsabta, sannan a wanke da asid a cire siririn saman. Daga nan sai rufi: fatar sinadari ko ta lantarki, a toshe ta da ruwan efoksi, sannan fenti. Seriyam yana da wani aiki a nan ma, a waje. Idan aka tsoma kayan a ruwan seriyam naitiret da ɗan haidurojin feroksaid, yakan kwanta daidai kan tsakuwoyin katod, inda pH ya fi tashi, ya rufe musu baki. Ana neman ya maye gurbin rufin kuromet mai guba, kodayake fatarsa takan tsattsage idan ta bushe, ba ta tsayawa ita kaɗai ba fenti.

Wurin noti kuwa babu abin da itiriyam ko gadoliniyam zai tsinana. Kusar baƙin ƙarfe da ta ratsa WE43, ruwan gishiri ya kwanta a kai, katod ce da ta fi dukkan tsakuwoyin cikin girma, kuma ramin da za ta tona kewaye da kanta bai bambanta sosai da wanda za ta tona a AZ91 ba. Ana sa wosha ta alminiyam daga dangin 5000 ko 6000, masu ƙarancin jan ƙarfe, mai faɗi da kaurin da zai nisanta kan kusar da magniziyam. Ana shafa man toshi a ramin kafin a ɗaura, a zaɓi kusa mai rufin zinki ko ta alminiyam, a kuma huda mafitar ruwa a duk lungun da zai iya taruwa.